Ganyen miya da na shayi a tsakar gida: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Yawancin masu yi min waɗannan tambayoyin mata ne, shi ya sa za ku ga ina ta cewa "ki", amma maza ma abin ya shafe ku, musamman masu son shayi da na'a-na'a bayan isha'i. Na haɗa su waje guda ne saboda kusan tambaya ɗaya ce ake ta juyawa.

Anti, ni ko ƙwayar wake ban taɓa shukawa ba, da me zan fara?

Ki fara da abin da tukunyarki take ci. Ki tsaya ki tuna, cikin satin nan wane ganye kika aiki yaro ya siyo miki? In ɗoɗɗoya ce ta farfesu toh ita za ki shuka, in na'a-na'a ce ta shayi ita ce, in lawashi ne shi ne. Abin da kike amfani da shi kullum ba za ki manta da ba shi ruwa ba, domin kullum idonki na kansa.

Guda huɗu nake faɗa wa duk mai farawa: ɗoɗɗoya, na'a-na'a, lemun giras ɗin shayi, sai albasa mai lawashi. Dalilina shi ne dukkansu ba sai kin siyi iri ba, daga reshe ko saiwa ake dasa su, sun saba da yanayin ƙasarmu, kuma ko kin yi sakaci sun yi yaushi, da kin zuba ruwa da yamma kafin safe sun miƙe. Kar ki ɗauki goma a tashin farko dan Allah. Biyu ma sun isa, in suka kama kika ga daɗin tsinkowa da hannunki, ke da kanki za ki ƙara.

Ina zan samo irin? Sai na siyi na fakiti?

A'a. Gaskiya ma na fakitin nan da ake kawowa daga waje ba shi nake so mai farawa ta siya ba, wani ya daɗe a kanti zafi ya kashe shi, ki shuka ki yi ta jira shiru, ki ɗauka hannunki ne ba shi da albarka alhali irin ne matacce.

Maƙociyarki ita ce ta farko. Duk wadda take da ɗoɗɗoya ko na'a-na'a ba za ta hana ki reshe biyu ba. In babu, ki je wurin masu kayan miya, in a Kano kike irin su 'Yankaba ko kasuwar Rimi, ki zaɓi ɗaurin da aka kawo da safen nan mai kauri wanda bai yi yaushi ba, ki ci rabi ki dasa rabi. Masu sayar da fulawa a bakin titi ma suna ajiye lemun giras da na'a-na'a a baƙar leda, kuma shi wannan ya riga ya yi saiwa, sauƙinsa ya fi. Hulba da lansir kuma ƙwayarsu tana wurin masu kayan yaji da masu magungunan Musulunci, wadda ake siya don sha ita dai ake shukawa, in dai ba soyayya ko niƙaƙƙa ba ce.

Yaya ake dasa na'a-na'a? Tawa kullum mutuwa take yi

Ki yanko reshe kamar tsawon tafin hannunki, ki tsige ganyen ƙasa ki bar na sama guda huɗu ko shida, ki tsoma gindin a kofin ruwa ki ajiye inda akwai haske amma rana ba ta dukansa. Kina canza ruwan duk bayan kwana biyu. Cikin sati ɗaya zuwa kwana goma za ki ga fararen jijiyoyi siri-siri sun fito daga gaɓoɓin, to in sun ɗan yi tsawo sai ki mayar ƙasa, da yamma ba da rana ba, ki ba ta ruwa sosai, ki bar ta a inuwa 'yan kwanaki kafin ki fara nuna mata rana.

Abu biyu ne suka fi kashe ta a wajenmu. Na farko ranar azahar ta bazara, ita na'a-na'a ba ta son wannan dukan, hantsi take so zuwa wajen sha ɗaya na safe, daga nan inuwa. Na biyu ƙishi. Ganyenta laushi ne da shi, ƙasarta ta bushe ƙayau kwana biyu shikenan ta ƙone.

Sai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, ki ba ta mazubinta ita kaɗai. Tafiya take yi ta ƙarƙashin ƙasa tana fitar da 'ya'ya ta ko'ina, in kika haɗa ta da wani ganye a bokiti ɗaya za ta cinye wurin ta bar ɗayan a takure. Mazubi mai faɗi ta fi so a kan mai zurfi, tsohon baho ko fasasshiyar roba ta wanki sun fi mata doguwar jarka. In ta shekara kika ga tsakiyar ta fara sanƙo ganyen ya ƙanƙance, ki zazzage ta gaba ɗaya ki raba saiwar kashi uku ko huɗu ki sake dasawa a sabuwar ƙasa, sauran ki rabar.

Ɗoɗɗoya fa?

Ita ce uwar masu haƙuri, in da ɗaya tak za a ce in zaɓa ita zan ɗauka. Tana kamawa daga reshe, tana fitowa daga iri, kai wani lokacin ma da kanta take zubar da 'ya'ya ki wayi gari da damina ki ga ƙanana sun tsiro a gindinta. Mai faɗin ganyen nan in ta samu ƙasa tana kai ƙugun mutum har ta wuce, ta yi shekaru kina ci. Akwai kuma 'yar uwarta mai ƙananan ganye da ake ce wa ganyen kori, wadda ake sa wa miya da shinkafa, kulawarsu ɗaya ce sai dai ita ba ta kai ta daɗewa ba.

Sirrinta ɗaya ne, tsinke kai. Da kin ga ta fara fitar da zangarniyar fure a sama ki tsinke da farce. In kika bar ta ta yi fure duk ƙarfinta can zai tafi, ganyen ya ragu ya yi tauri. Duk inda kika tsinke kuma rassa biyu ne za su fito a wurin, kinga cin ma gyara ne. Sai in iri kike so, sai ki bar reshe ɗaya ya yi fure ya bushe ki murje ki adana a takarda.

Hajiya, ni namiji ne, ɗaki ɗaya nake haya kuma duk gidan siminti ne. Akwai abin da zan iya?

Sosai ma. Ka nemi jarkar mai ta lita 25 da ta fashe ka raba ta biyu, ko bokitin fenti ka wanke shi tas, ko buhun shinkafa ka naɗe bakinsa. Babban abin shi ne ka huda ƙasan, huji biyar ko shida da ƙusa mai zafi, in ba haka ba ruwa zai kwanta saiwa ta ruɓe. Ka ɗora shi a kan bulo ko katako saboda simintin tsakar gida da rana zafinsa dafa saiwa yake yi, kuma mai gida ba zai yi maka maganar tabon ruwa a ƙasa ba.

In shayi ne damuwarka, lemun giras ɗaya a bokiti babba da na'a-na'a a rabin jarka sun ishe ka har da abokai. Shi lemun giras tushe ake ɓantarowa daga jikin uwar da 'yar saiwarsa, ka rage ganyen ka bar kamar taƙi ɗaya, ka binne gindin ka danne. Zai yi kamar ya mutu na ɗan lokaci, kar ka tuge, daga tsakiya sabon ganye zai leƙo. Ka dai kula gefen ganyensa yana da kaifi yana yankan hannu.

Wace irin ƙasa zan zuba, kuma wane taki?

Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa, sai a ɗebo jar ƙasar gini ko laka daga bakin kwata a cika bokiti, da an ba ta ruwa sau biyu ta daskare kamar bulo, saiwa ta kasa numfashi. Abin da kike nema ƙasa ce mai sakin jiki, wadda in kin jiƙa kin dunƙula a hannu za ta dunƙulu, kina taɓa ta da yatsa ta wargaje.

Haɗin da nake yi: kwano biyu na baƙar ƙasa, irin ta gona ko ta ƙarƙashin bishiya inda ganye ya daɗe yana ruɓewa, kwano ɗaya na rairayi, kwano ɗaya na ruɓaɓɓen taki. In ƙasarku jigawa ce dama, ki bar rairayin ki ƙara taki. In kina kusa da injin casar shinkafa ki roƙi ɓuntu ki zuba kaɗan, yana sa ƙasa ta yi sako-sako.

Maganar taki, kashin awaki da na tumaki da ya bushe ya daɗe shi ya fi sauƙin sha'ani, sai na shanu. Kashin kaji yana da ƙarfi ƙwarai amma ɗanyensa ƙona shuka yake, sai an tara shi an yayyafa ruwa an bar shi wata biyu zuwa uku ya huce. Takin zamani ba dole ba ne ga ganyen bokiti, in ma za ki sa, ɗan tsunkule ne nesa da gindi sannan ki bi da ruwa. Na sha ganin an zuba cikin cokali a gindin na'a-na'a don a yi mata gata, washegari ta baƙe.

Wane lokaci ya fi dacewa a fara?

Ya danganta da ganyen. Ɗoɗɗoya, lemun giras, citta da kurkur 'yan damina ne, ki dasa su da faɗuwar ruwa, wajen Mayu zuwa Yuli gwargwadon garinku, sama za ta yi miki rabin aikin. Lansir, hulba, lawashi, tafarnuwa, da ganyayen ƙamshin girkin nan koriyanda da fasili kuma sanyi suke so, daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu, lokacin da 'yan lambu suke nasu. Na'a-na'a tana yin duka biyun.

Lokacin da ba na so kowa ya fara sabon dashe shi ne Maris zuwa farkon Mayu. A Sakkwato, Maiduguri, Yamai da Damagaram zafi kan haura digiri 40 a watannin nan, wanda ya riga ya kafu ma da ƙyar yake sha, balle jariri. In bazara ta same ki, ki haƙura ki yi ta tara mazubi da taki kafin ruwa ya sauka.

Ina son wanda zan ci da wuri, yara sun matsa min

Lansir. Ki baje ƙasa a tire ko faranti mai huji, ki watsa irin a sama ki yayyafa ruwa, ba sai kin binne ba, kwana biyu zuwa uku ya tsiro, sati biyu zuwa uku kin yanka kin yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da tumatir. Yara suna son shi don kullum suka leƙa ya ƙara tsawo. Lawashi ma haka, gindin da kike yankewa kina zubarwa mai 'yan jijiyoyin nan, ki soke shi a ƙasa, ko albasar da ta fara tsiro a kwando, cikin 'yan kwanaki kore ya fito, ki dinga yanka sama kina barin gindin. Hulba ki jiƙa ta kwana ɗaya kafin ki shuka, sati uku zuwa huɗu ganyen ya isa ci, yana da ɗan ɗaci kaɗan.

Mu ruwa siya muke a wurin 'yan garuwa, ba zai zama wahala ba?

Bokiti huɗu na ganye ba sa shan abin da zai girgiza ki. Ruwan alwala kawai in kika tara ya isa, ki ajiye mazuban kusa da inda ake alwala, ko a dinga yi a kan baho ana juyewa. Ruwan wankin shinkafa, na wankin kayan miya, na ɗaurayar gero, duk suna yi. Wanda ba ya yi shi ne ruwan omo da bilic, da ruwan da ke da gishiri ko maiƙo.

Da sassafe ko bayan la'asar ake ba da ruwa, a gindi ba a kan ganye ba. Kafin ki zuba ki soka yatsa a ƙasar, in kin ji danshi har gaɓa ta farko ki bari sai gobe. Da hunturu iska tana busar da ƙasa fiye da yadda ake zato, sama-sama sanyi amma bokiti ya bushe, a dinga dubawa. Ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi, wallahi bambancin a fili yake, ruwan da ke ƙafewa da azahar sai ya kai gobe.

Da damina kuma matsalar juyewa take, musamman a Agusta. Ki janye mazubi daga ƙarƙashin indararo, ki duba hujin ƙasa bai toshe ba. Ganye ya yi rawaya ƙasa tana jagab, ruwa ne ya yi yawa, ba taki yake nema ba.

Ina ganin rozmeri da tayim a bidiyon girki, za su yi a nan?

Za su iya, amma ba da su za ki fara ba, kuma zan faɗa miki gaskiya ko ba za ta yi daɗi ba. Asalinsu na ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne, inda rani yake bushe, ruwa kuma da sanyi yake zuwa. Mu namu ruwan da zafi yake haɗuwa, wannan laimar mai ɗumi ta Agusta ita ke ruɓar musu da saiwa, ki ga shuka lafiya lau jiya yau ta bushe daga ƙasa. Reshen rozmeri kuma yana ɗaukar makonni kafin ya yi jijiya. Mutanen Jos su kam Allah ya ba su, tsaunin ya haura mita 1,200 ga sanyi, shi ya sa suke samun abin da mu ba ma samu cikin sauƙi.

In ranki ya biya, ki siyi wanda ya riga ya kafu a leda, ki sa shi a tukunyar ƙasa ba roba ba, ki yawaita rairayi, ki rage ruwa, da damina ki shigar da shi ƙarƙashin rumfa. Koriyanda da fasili sun fi su sauƙi in dai da sanyi ne. Ita koriyanda da zafi ya shigo sai ta miƙe ta yi fure ta daina ganye, halinta ne ba laifinki ba. Fasili kuma irinsa nawa ne da shi, yana kai sati uku bai leƙo ba, kar ki zubar da ƙasar.

Citta, kurkur da tafarnuwa, su ma ana yi a bokiti?

Ana yi, sai dai haƙuri. Ki zaɓi ɗanyar citta mai ido, wadda ta fara ɗan toho, ki karya gunduwa-gunduwa kowace da ido ɗaya ko biyu, ki bar wurin karin ya sha iska kwana ɗaya, ki binne ba da zurfi ba a buhu ko baho mai faɗi, a wuri mai inuwa-inuwa. Wata takwas zuwa tara take yi, sai ganyen ya yi rawaya ya kwanta sannan ta nuna. A Kachia da sauran kudancin Kaduna inda ake nomanta da gaske damina ta fi ta can arewa tsawo, don haka ke da ruwanki ya ɗauke a Satumba sai kin ci gaba da bayi. Kurkur tafiyarsu ɗaya. Tafarnuwa kuma ɓarawa za ki yi ki soke kowane ɗa tsininsa na kallon sama a Nuwamba, wata huɗu zuwa biyar. Ba za su hana ki zuwa kasuwa ba, amma ƙamshin cittar da aka tono yanzu daban yake.

Kaji da awaki da ƙwari sun hana ni sakat

Kaji sai tsayi ko shinge. Ki ɗora a kan tebur ko katanga, ko ki kifa tsohon kwando, ko ki zagaye da tsohon gidan sauro, wannan ɗin ma yana tare fara da ƙadangare da ke cinye sabon tsiro. Akuya kuwa ba ta da magani sai ƙofa a rufe.

Ƙwari, ki dinga juya bayan ganye kina dubawa, can suke ɓuya. In kin ga ƙananan kore ko baƙaƙe sun taru ganyen yana danƙo tururuwa na hawa da sauka, ki tsinke wanda ya fi lalacewa ki wanke sauran da ruwa. In abin ya yi yawa ki daka ganyen darbejiya ko 'ya'yanta, ki jiƙa ya kwana, ki tace ki fesa da yamma, ki maimaita bayan 'yan kwanaki. Tsutsa hannu ake sa wa a cire. Toka kaɗan a kewayen gindi tana taimakawa.

Dan girman Allah kar a fesa fiya-fiya ko maganin sauro ko na gona a ganyen da za a tsinka a sa wa yara a miya. Wannan ganyen ɗanye ake cin wani, wani a ruwan zafi kawai ake tsoma shi. Gara ki tuge shukar ki sake sabuwa.

Gaskiya ne lemun giras da ɗoɗɗoya suna korar sauro?

Ƙamshin yana fita ne in an murje ganyen ko an ƙona, shukar da ke tsaye a bokiti ba za ta hana sauro shiga ɗaki ba. Kar ki ajiye gidan sauro saboda kin shuka su. Hasali ma ki kula kar lambun naki ya zama wurin haihuwarsa, ruwan da ya kwanta a farantin ƙarƙashin mazubi ko gwangwani sati ɗaya zuwa kwana goma ya ishi sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi. Kina zubarwa kullum. Lemun giras kuma in ya yi duhu da yawa ki rage shi ki share gindin, duk wuri mai duhu da sanyi wani abin zai iya laɓewa.

Zan iya amfani da su a matsayin magani?

Shayin na'a-na'a bayan cin abinci mai nauyi, citta da lemun giras lokacin mura, ɗoɗɗoya a farfesun mai jego, duk mun tashi mun ga iyayenmu na yi kuma ana jin daɗinsu. Amma zazzaɓin da ya ƙi sauka, hawan jini, ciwon suga, gudawar yaro, waɗannan na asibiti ne. Mai ciki kuma kar ta ɗirki hulba da yawa, mai shan maganin suga ma ta tambayi likita kafin ta mayar da ita abin sha kullum.

Yaya zan tsinka, kuma in ya yi yawa ya zan adana?

Da safe ake tsinka kafin rana ta yi zafi, daga sama, kuma kar ki kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda. Sabon dashe ki bar shi ya yi ƙarfi tukuna. In ya yi miki yawa ki wanke ki baza a faifai a cikin ɗaki ko inuwa inda iska ke wucewa, ba a rana ba, rana tana kwashe ƙamshi da koren. Da hunturu 'yan kwanaki ya bushe ƙarau, ki murje ki zuba a kwalba mai murfi. Lemun giras ki ƙulla shi ƙulli-ƙulli daidai tukunyar shayi ɗaya kafin ki shanya.

Zan yi tafiya biki, wa zai ba su ruwa?

In kwana uku ko huɗu ne, ki tara su duka a inuwa waje ɗaya, ki ba su ruwa su ƙoshi, ki rufe ƙasar da ciyawa, sannan ki cika gorar ruwa ki yi ɗan huji a murfin da allura ki kifa ta a gindin kowanne. Wanda ke ƙasa ko babban baho kuma ki binne ƙaramin tulu na ƙasa har wuya a gefensa, ki cika da ruwa ki rufe bakin, zai dinga tsatsafowa a hankali. In tafiyar ta kai sati biyu, ki miƙa wa maƙociya ki ce ta dinga tsinka tana ci.